Wa zai lura in ba ka zo ba?

Jawabin da wani ma'aikacin lafiya, tsohon ɗan ƙungiya, ya gabatar wa matasa a taron tunawa da kafa ƙungiya



Malamai, iyaye da shugabannin ƙungiya, ina gaishe ku da girmamawa. Ku yi mini izini in juya wajen ƙannena samari da ƴammata, don yau maganar tasu ce.

Ƙannena, da aka ce ma'aikacin lafiya zai yi magana, na san abin da wasunku suka zata: za a ce ku kwana cikin gidan sauro, ku wanke hannu da sabulu. Duk gaskiya ne, amma kun sha ji a rediyo. Ni tambaya guda na kawo, kowa ya amsa ta cikin zuciyarsa. In ka kwana uku ba ka fito ba, wa zai zo ya buga ƙofarka? Ke ma ƙanwata, in aka yi mako ba a gan ki ba, wa za ta tako har gidanku ta ce ina wance? Ku riƙe amsar, za mu komo kanta.

Bari in fara da laifin kaina. Shekarun baya ina aiki a gidan likita na wani ƙaramin gari. Akwai wani yaro ɗan shekara 16, ɗan kwaleji, daga ƙauye ya zo karatu. An sauke shi gidan wani abokin babansa, yana kwana a zaure. Sau uku ya zo wurina cikin wata guda, kullum maganar ɗaya ce: ciwon kai, kasala, rashin barci. Na yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu. Jikinsa ba zafi. Na ba shi farasitamol, na ce ya riƙa shan ruwa. Layi ya yi tsawo a waje, mata da goyo suna jira, sai na ce na gaba ya shigo. Ko sau ɗaya ban tambaye shi da wa yake cin abinci ba, ko da wa yake hira.

Wani dare ina aikin kwana, wajen ƙarfe ɗaya, sai ga wasu samari biyu sun kawo shi bisa moto, jikinsa yana fizga, kumfa a baki. Na ce, “Mi ya sha?” Suka dubi juna. Na ce, “Ƙannena, ni ba ɗan sanda ba ne. Ku faɗa mini, kada ya mutu a hannunmu.” Ƙaramin ya sunkuyar da kai ya ce, “Majo, tramol ne.”

Allah ya yi da sauran kwanansa. Da ya warware na zauna da shi, abin da ya kamata in yi tun zuwansa na farko. Ya ce tunda aka koma lakwal ba wanda yake kula shi a aji, in ya buɗe baki sai a yi dariyar maganarsa ta ƙauye. A gidan da yake, sai kowa ya ci a miƙo masa saura. Wata rana ya bi ta tasha, wasu samari suna dafa shayi, ɗayansu ya ce ya zo ya zauna. Ya ce mini, “Majo, su ne suka fara tambayata sunana.” Ƙwaya daga baya ta biyo.

Ku lura da abu guda. Waɗanda suka ba shi ƙwayar, su ne kuma suka ɗauko shi cikin dare suka kawo shi likita. Ba zan ce muku shaiɗanu ba ne. Su ma yara ne da ba su samu wanda ya tambaye su sunansu ba.

Tun daga wannan dare na gane cewa kaɗaici ba ya tsayawa a zuciya, yana sauka cikin jiki. In mutum yana cikin fargaba ko damuwa, jikinsa yana sakin wasu sinadarai, ɗaya daga ciki sunansa kotizol, waɗanda ke sa zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, barci ya gudu. Wannan yana da amfani in kare ne ya biyo ka, don cikin minti biyar an gama. In kuwa ya zama na kullum, wata da watanni, sai barci ya lalace, cin abinci ya rikice, kai ya riƙa sara, garkuwar jiki ta yi rauni, karatu ya ƙi shiga. Ciwon kan da yaron nan ya kawo mini na gaskiya ne, ba ƙarya yake ba. Ni ne ban bi shi har tushensa ba.

Kada ku ce wannan cutar Turawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. A watan Yuni na 2025 hukumar ta fitar da rahoto kan kaɗaici: mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi, kuma a tsakanin matasa irinku abin ya kai kusan ɗaya cikin biyar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a ƙasashe matalauta kashi 24 cikin 100 ne suka ce suna jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kashi 11. Ashe mutum yana iya zama cikin gida mai mutum talatin, ana hayaniya dare da rana, amma ba shi da wanda zai faɗa wa damuwarsa. Ku tuna kuma kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. To in matasa ba su da lafiya, wa ya rage?

Mu a nan ba mu rasa wurin zama tare ba. Iyayenmu sun yi samariya, musamman zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, da sarkin samari da aikin gayya. Mu muka taso da fada, wadda ta bazu cikin shekarun 1990. Yau daga Damagaram zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Yamai, da wuya ka bi layi da dare ba ka ga tabarma da benci da butar shayi bisa gawayi ba. Fada ta yi wa mutane da yawa rana. A nan ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa kuɗin suna da na magani, a nan ake share unguwa kafin damina. Ni kaina, lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo, ƴan fadarmu ne suka biya rabin kuɗin magani.

Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wasunku sun ga fim ɗin da Aisha Macky, ƴar Damagaram, ta fitar a 2021 mai suna Zinder, kan samarin unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu da ake ce wa “pale”. Unguwa ce da tun da can aka ware don kutare da waɗanda gari ya ƙi. Wanda ya kalli fim ɗin da hankali zai ga abin da ya fara tara samarin nan shi ne neman inda za a ɗauke su mutane. Yaro ba zai zauna ba jama'a ba. In ba ku buɗe masa taku ƙofa ba, wani zai buɗe masa tasa.

Akwai dalili a halitta. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna sai ya kusa shekara 25, kuma sashen da ya fi jinkiri shi ne na gaban goshi, mai taka wa mutum birki. Sashen da ke jin daɗin yabon abokai kuwa tun da wuri yake tashi. A 2005 wasu masu bincike a Amurka sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta. Yara masu shekara 13 zuwa 16, in su kaɗai ne, suna tuƙi da hankali. Da aka sa abokansu suna kallo, sai gangancinsu ya ninka kusan biyu. Manya kuwa ba su canza sosai ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yaro ke ɗaga tayar moto ranar biki ya san wannan ba sai an faɗa masa ba. Ƙafafun da muke ɗaurewa a likita, da yawansu don idon abokai aka karya su.

Haka ma tramol. Magani ne na ciwo mai tsanani, dangin su mofin. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, kuma ko babba ba a yarda ya wuce 400 a yini ba. Na bakin hanya kuwa ƙwaya guda tana kai 200, 225, har 250. Yana kawo fizgar jiki irin ta farfaɗiya, yana iya tauye numfashi, kuma in jiki ya saba da shi, ranar da aka rasa sai zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Cikin duk waɗanda na yi jinya, ban tuna ko ɗaya da ya ce shi kaɗai ya je ya sayi ta farko ba. Kullum aboki ne ya miƙa. To tunda hannun aboki ne ke miƙawa, hannun aboki yana iya hanawa.

An gwada wannan a wata ƙasa mai nisa da mu, kuma ina so ku ji sakamakon. Aislan tsibiri ne can arewacin Turai. A 1998 an tambayi yaransu masu shekara 15 da 16, kashi 42 cikin 100 suka ce sun bugu da giya cikin watan da ya wuce, kashi 23 suna shan taba kullum. Gargaɗi a aji bai yi aiki ba. Sai suka canza dabara: iyaye suka yi alkawarin ƙara zama da ƴaƴansu da sanin abokansu, aka buɗe wuraren wasanni da na koyon fasaha da manya masu kula, aka kafa dokar lokacin da yaro zai koma gida da dare. Zuwa 2016 masu buguwa sun koma kashi 5, masu taba kullum kashi 3. Na san suna da kuɗin da ba mu da shi. Amma uba ya san sunan abokan ɗansa, wannan ba ya cin ko dala.

Mu komo gida. Zumunci yana da wani amfani da ya fi wannan sauƙin gani, wato a lura da ciwo da wuri. Manyan cikinku sun tuna sanƙarau na 2015, lokacin da aka rufe makarantu a Yamai cikin watan Afrilu. Zuwa ƙarshen Yuni an ƙidaya mutum wajen 8,500 da ake zaton sun kamu a ƙasar, fiye da 570 suka rasu. Sanƙarau yana iya kashe saurayi lafiyayye cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamominsa zazzaɓi mai tasowa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, da ƙin haske. Wani lokacin zafi an kawo mini wani ɗan koyon walda, mai kwana shi kaɗai a shago. Abokinsa ya ga bai zo ƙwallo da la'asar ba, bai ga shi a sahun magariba ba, ya kira salularsa ba a ɗauka ba. Bai ce ƙila ya yi tafiya ba. Ya tafi ya tura ƙofa, ya tarar da shi kwance ya rufe ido da riga. Da an bari sai safe, da wata magana ake yi. Allurar mu muka yi, amma da abokin nan bai taka ba, da ba mu ma san da shi ba. Shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take.

Ƙannena mata, kada ku ce duk maganar ta maza ce. Taku ta fi ɓoyuwa, don namiji in ya shiga damuwa ana ganinsa a titi, mace kuwa cikin ɗaki take shanye tata. Yarinya tana iya yin wata shida jini yana zuba mata fiye da ƙima lokacin al'ada, tana jiri, tana haki in ta ɗauko ruwa, cikin idonta ya yi fari, kunya ta hana ta faɗa. Wannan ƙarancin jini ne, kuma maganinsa yana nan a CSI mafi kusa. Sau da yawa ƙawa ce ke fara ji kafin uwa. In ƙawarki ta faɗa miki, kada ki tsaya kan “Allah ya sawwaƙe”, ki ce, “Tashi mu je wajen Inna, ni zan fara magana.”

Sai ƙawayenku da aka yi wa aure. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika 18. Ranar biki kuna cika gida, ku raka ta da guɗa, bayan sati ba a sake ganin ƙafarku. Ita kuwa ga ta a wata unguwa ko wani gari, ta bar lakwal, ta bar ku, ga ciki na fari. A shekarun nan ciki ya fi hatsari, kuma naƙuda mai tsawo a gida ita ke kawo yoyon fitsari. Ku ziyarce ta. Ku tambaye ta ko ta fara zuwa awo. In ba ta da mai raka ta, ku nemi izinin mijinta da surukarta ku raka ta.

Wani zai ce, “Yaya, ai ni ina cikin guruf goma a WhatsApp.” Madalla. Salula tana da amfani, da ita muke jin muryar ƴan'uwa da suka tafi ci-rani Agadas ko Libiya ko Abija. Amma guruf ba ya ganin ka rame, ba ya jin warin ƙwaya a bakinka, ba ya ɗaukar ka bisa moto ƙarfe ɗaya na dare. Kuma mai shekarunku yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. In ka sha shayi na uku ƙarfe goma sha biyu, ka kwanta da TikTok har biyu, ka tashi asuba, kada ka yi mamaki in da safe kowa haushi yake ba ka. Shayin ma, masu ƙarancin jini su daina haɗa shi da abinci, don yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abincin. A ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu.

To mi nake roƙon ku? Abu biyar ne, kuma ba wanda ke bukatar kuɗi.

Na farko, kowane reshe da kowace fada su san adadin mutanensu. Wanda aka kwana uku ba a gani ba, a tura mutum biyu gidansa. Saƙo a salula bai isa ba.

Na biyu, in an koma lakwal a watan Oktoba, ku nemi baƙin da suka zo daga ƙauye, da ƴan koyon sana'a, da almajiran unguwarku. Ku tambaye su sunansu kafin wani ya riga ku. Haka ranar da aka fitar da sakamakon birbe da bak: gidan wanda ya ci ba ya rasa jama'a, ku fara da gidan wanda ya faɗi.

Na uku, kowace fada ta samu babba guda da ta amince da shi, malami ko mushe ko ma'aikacin lafiya ko wata uwa a unguwa, wanda za a iya kai wa magana ba tare da ta zaga gari ba. Iyaye da malamai, wannan taku ce. In yaro ya zo da maganar da ta ba ku tsoro, ku saurara har ƙarshe kafin ku yi faɗa. In kuka fara da bulala, ba zai sake zuwa ba.

Na huɗu, ku san iyakarku. Ku abokai ne, ba likitoci ba. In aboki ya faɗi yana fizga, ku kwantar da shi a gefensa, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada ku sa masa cokali ko yatsa a baki, kada ku ɗura masa ruwa ko nono, ku kai shi likita, ku kuma faɗi gaskiyar abin da ya sha. In ya yi sati biyu ba ya ci, ba ya barci, ya bar abin da yake so, ya daina shiga mutane, kada ku ce masa raggo ko mai raunin imani. Ciwo ne mai magani. Ku yi masa addu'a, ku kuma raka shi likita.

Na biyar shi ne mafi nauyi. In aboki ya ce ya gaji da duniya, ko ya ce gara ya mutu, kada ku mai da shi wasa. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kawar da fiya-fiya da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda yake. Ku faɗa wa babba a ranar, ko da ya rantsar da ku cewa asiri ne. Zai yi fushi da ku, ba komai, mai rai ne ke fushi.

Yaron da na fara ba ku labarinsa ya daina ƙwayar, amma ba cikin sauƙi ba. Sau biyu yana komawa. Wani mushensu ya sa shi cikin masu bita da yamma, matar mai masaukinsa ta fara zuba masa abinci tare da ƴaƴanta, ɗaya daga cikin samarin tashar ma ya biyo shi suka daina tare. Ni kuma tun daga lokacin, duk matashin da ya zo mini da ciwon kai ba zazzaɓi, ko layi ya kai bakin titi, sai na tambaye shi da wa yake cin abinci.

Yanzu ku komo kan tambayar farko. Wanda ya samu suna biyu ko uku a zuciyarsa, ya gode wa Allah, ya riƙe su da kyau. Wanda ya duba bai samu kowa ba, kada ya fita daga wurin nan sai ya yi magana da ni ko da ɗaya daga cikin shugabanni, ba abin kunya ba ne. Sauranku kuma ku juya tambayar: wane ne ya kamata a ce yana zaune cikinmu yau, amma ba ya nan? Na ga wasu sun fara waige-waige. To kun tuna shi ke nan. Kafin isha'i a je gidansa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana ku, ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka.